Komai Nisan Jifa: Hatsarin Sauka a Wajen Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Gabatarwa

Duk lokacin da wani ƙaramin jirgin sama ya sami matsala a Zariya ko Kaduna ko Ilorin, jumla ɗaya ce gidajen rediyo da jaridunmu na Hausa suka fi amfani da ita, wato "jirgin sama ya faɗo." Da jin haka sai hankalin mai saurare ya tashi, ya hango jirgi ya rikito daga cikin gajimare ya kama da wuta. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya faru shi ne ɗalibi mai koyon tuƙi ya zo sauka, tayoyinsa sun taɓa ƙasa, sai jirgin ya kufce masa ya shiga ciyawar gefen titi, shi kuma ya fito da ƙafarsa. Iyayen da ɗansu ke makarantar tuƙi, in suka ji waccan jumla, ba za su runtsa ba sai sun ji muryarsa.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ƙaramin jirgi ke sauka, da dalilan da suka sa sauka ta fi komai wahalar da mai koyo, da ire-iren hatsarin da ke aukuwa a wannan gaɓa, tare da misalai daga makarantunmu na nan gida. Na zaɓi in kawo wannan batu gaban 'yan'uwana ɗaliban harshe ne saboda daga cikinmu ake samun masu fassara labarai, kuma mutum ba ya raɗa wa abu sunan da ya dace sai ya san yadda abin yake.

Inda Ake Koyon Tuƙi

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925 ne jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. Amma makarantar koyon tuƙi ta farar hula sai bayan samun mulkin kai aka kafa ta. A shekarar 1964 gwamnatin tarayya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya, wadda mutanen gari ke kira Abiyeshan. Ban da matuƙa, kwalejin tana horar da injiniyoyi da ma'aikatan hasumiya masu ba jirage hannu. A nan ne Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasin tuƙin jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014.

Kwalejin ta daɗe tana amfani da ƙananan jirage ƙirar Faransa, Tampico da Trinidad, masu inji ɗaya, da kuma Baron 58 ƙirar Amurka mai inji biyu. Daga shekarar 2017 ta fara karɓar jiragen Diamond ƙirar Ostiriya. A cikin garin Kaduna kuma akwai makarantar tuƙi ta 401 ta sojan sama, wadda ta yi shekaru tana horar da ɗalibanta da jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a nan Kaduna, kafin a sayo Super Mushshak daga Pakistan. Sai kuma kwalejin da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa a Ilorin.

Bisa ƙa'idar ICAO, kafin a ba mutum lasi na farko sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai ba malami. Cikin waɗannan awoyi goma dole ya yi doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 270, ya sauka a filaye biyu dabam-dabam. Ranar da malami ya buɗe ƙofa ya fita ya ce wa ɗalibi ya tashi shi kaɗai, ita ce babbar rana a rayuwar kowane matuƙi. Abin da malamin ke dubawa kafin ya yarda ya fita kuwa, kusan duk a kan sauka yake.

Yadda Jirgi Ke Sauka

Ni da na tashi a Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, in aka ce jirgi, na ƙasa nake fara kawowa a rai. Bahaushe ya ɗauki kalma ɗaya ya raba wa na ruwa da na ƙasa da na sama, amma wajen tsayawa kowanne da halinsa. Direban jirgin ƙasa dogo ne ke riƙe masa hanya, nasa kawai ya rage gudu. Direban mota in ya rikice sai ya gangara gefen hanya ya tsaya ya yi tunani. Matuƙin jirgin sama ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke ratsa fikafikansa. Gwargwadon gudun jirgi, gwargwadon ɗaukar da fiffike zai yi masa. In gudu ya ragu, dole matuƙi ya ƙara ɗaga hancin jirgi domin fiffike ya ƙara tarar iska. Sai dai wannan yana da iyaka. Idan kusurwar da fiffike ke tarar iska ta wuce kimanin digiri 15 ko 16, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, ɗauka ta yanke, hanci ya rafka ƙasa, ko da kuwa inji yana aiki lafiya lau. Wannan shi zan kira yankewar ɗauka. To, sauka ita ce matuƙi ya kai jirginsa dab da wannan iyaka da gangan, a daidai lokacin da ya rage taƙi ɗaya ko biyu tayoyi su taɓa ƙasa. In ya kai ga iyakar da wuri, ya faɗo. In ya makara, titi ya ƙare masa.

Duk wanda ya yi zaman Samaru ko Palladan ya saba ganin ƙananan jirage suna kewaya wuri ɗaya tun safe. Wannan shi ne zagayen fili. Ɗalibi zai tashi, ya hau kimanin mita 300, ya yi kwana huɗu ya dawo ya fuskanci titi, ya sauka, sannan ba tare da ya tsaya ba ya sake ba jirgi wuta ya tashi. Ana iya kiran wannan atisaye taɓa-ka-tashi, kuma a cikin awa ɗaya ɗalibi kan yi shi kusan sau goma.

Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, domin iskar gaba tana rage masa gudu a kan ƙasa. Shi ya sa ake shimfiɗa titin jirgi bisa hanyar da iska ta fi bi. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, don haka titin Zariya da na Kaduna da na Kano da na Ilorin duk a kan wannan layi suke kwance. Lambar da ake rubutawa a bakin titi ma daga nan ta samo asali: titi mai lamba 05 yana fuskantar digiri 50 ne a kamfas, ɗaya bakin nasa kuma 23, wato digiri 230.

A gangarowar ƙarshe ƙaramin jirgi kan yi gudun kilomita 110 zuwa 140 a awa. Matuƙi zai sauke wani ɓangare na bayan fiffike, wanda zan kira leɓen fiffike, domin jirgi ya iya tafiya a hankali. In ya rage mita uku zuwa shida ya isa ƙasa, sai ya janye totur, ya jawo sitiyari sannu-sannu, hanci ya ɗago, jirgi ya shimfiɗe bisa titi har tayoyin baya biyu su taɓa ƙasa, sannan ta gaba ta biyo baya. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan ake yin sa. Hannu ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na kan totur, ƙafafu biyu na kan feda, ido na can ƙarshen titi, kunne kuma na sauraren hasumiya. Babu agogon da ke gaya wa ɗalibi ga lokacin ɗaga hanci ya yi. Ido ne ke aunawa, ido kuwa sai da yau da gobe yake ƙwarewa.

Ire-iren Hatsarin Sauka

Rahoton shekara-shekara da ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AOPA, ke fitarwa ya daɗe yana nuna cewa hatsarin sauka shi ne ya fi kowane yawa a ƙananan jirage, amma kaɗan ne daga cikinsa ke cin rai, saboda jirgi yana kusa da ƙasa kuma gudunsa ya ragu. Ga yadda na karkasa su.

Na farko shi ne dira da ƙarfi. Ɗalibi ya ɗaga hanci tun yana can sama, gudu ya ƙare, jirgi ya diro kamar an saki buhu. Ko kuma ya makara bai ɗaga ba, ya daki titi. Ƙafafun jirgi kan lanƙwashe, wani lokaci taya ta fashe.

Na biyu shi ne tsalle da tutsu. Idan jirgi ya taɓa ƙasa da sauran gudu, yakan yi tsalle ya koma sama. Abin da zuciya ke gaya wa mai koyo a nan shi ne ya tura sitiyari gaba ya mayar da jirgi ƙasa. Da ya yi haka sai tayar gaba ta fara dukan titi, hanci ya sake tashi, ya sake turawa, kowane tsalle ya fi na baya muni, tamkar doki mai tutsu. A tsalle na uku ko na huɗu ƙafar gaba kan karye, farfela ta sari ƙasa. Farfela kuwa in ta sari ƙasa, sai an kwance inji an duba cikinsa kafin jirgin ya sake tashi.

Na uku shi ne kauce wa titi. A ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, birki ma a saman feda yake. Wanda ya saba da mota, in ya ga jirgi ya nufi gefe, hannunsa ne zai fara murza sitiyari, jirgi kuwa ba zai ji ba. Iskar gefe tana ƙara dagula al'amari, domin takan bugi jelar jirgi ta juya hancinsa zuwa inda take tasowa. Kowane jirgi yana da adadin iskar gefen da aka gwada shi da ita. A Cessna 172, wanda ya fi kowane jirgin koyo yawa a duniya, kimanin kilomita 28 ne a awa, kuma makarantu kan sa wa ɗalibi iyakar da ba ta kai haka ba. Irin wannan hatsari ya auku a filin Zariya a watan Oktoba na 2006, inda wani ɗalibi da ke taɓa-ka-tashi shi kaɗai a jirgin Tampico ya kasa riƙe jirgin a kan titi. Rahoton masu bincike ya nuna cewa hankalinsa ya rabu lokacin da yake mayar da leɓen fiffike domin shirin sake tashi, ga kuma gajiya, don ya riga ya yi sauka da yawa a jere, wasu da malami wasu shi kaɗai. Haka nan a ranar 23 ga Mayu, 2025 wani jirgin Diamond na kwalejin Ilorin ya kauce daga titi mai lamba 05 yayin atisayen sauka, mutum biyun da ke ciki suka ji munanan raunuka.

Na huɗu shi ne zarce titi. Ɗalibin da ke tsoron yankewar ɗauka yakan ƙara gudu don neman kariya. Amma ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana ƙara kimanin kashi 20 cikin ɗari a tsawon titin da jirgi ke bukata. Bugu da ƙari, idan jirgi ya zo dab da ƙasa, iskar da ke tsakanin fiffike da titi takan zame masa kamar matashi, ya yi ta shawagi ya ƙi zama, titi yana ƙarewa a gabansa.

Na biyar shi ne saukar ciki, wato jirgi ya sauka ba a fito da tayoyi ba. Wannan ba ya samun jirgin da ƙafafunsa a kafe suke, kamar Tampico. Yana samun ɗalibin da ya ci gaba ne ya koma jirgi mai naɗe ƙafafu. A ranar 1 ga Mayu, 2019 wani jirgin Diamond mai inji biyu na kwalejin Ilorin ya sauka a kan cikinsa, da malami da ɗalibi a ciki. Masu bincike sun gano cewa ba a bi takardar jerin abubuwan dubawa yadda ya kamata ba, kuma babu cikakken haɗin kai tsakanin waɗanda ke tuƙin. Wato kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya duba.

Na shida, wanda ya fi duka kisa, shi ne yankewar ɗauka a kwanar ƙarshe. Ɗalibi ya zo kwanar da za ta daidaita shi da titi, ya ga ya zarce layin, sai ya ƙara karkata jirgi yana kuma danna feda don ya jawo hanci. Jirgi in ya karkata, gudun da yake bukata don ya zauna a sama yana ƙaruwa. A karkatar digiri 60 yana ƙaruwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari. In ɗauka ta yanke a wannan hali, fiffike ɗaya ne ke fara faɗuwa, jirgi ya juye, ga shi babu tazarar da za a farfaɗo da shi.

Na bakwai shi ne saukar dole, wadda ke zuwa idan inji ya mutu ko wata matsala ta taso a sama. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Ƙaramin jirgi kan yi tafiyar mita takwas ko tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko, saboda haka wanda ke sama da mita 1,000 yana da kusan kilomita tara da zai nemi fili a cikinsu. A watan Maris na 2018 wani ɗalibin makarantar sojan sama ta Kaduna da ke tuƙa Diamond shi kaɗai ya yi irin wannan sauka, ya tsira da ƙananan raunuka. A watan Maris na 2024 ma matuƙa biyu sun tsira daga hatsarin Super Mushshak a kusa da filin sojan sama na Kaduna. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Agusta na 2017 jirgin Air Beetle ya yi ajalin wani babban malamin tuƙi a Kaduna, a watan Afrilu na 2022 kuma hatsarin Super Mushshak ya ci rayukan hafsoshi biyu.

Wajen zaɓen fili, ana koya wa ɗalibi ya sauka yana bin tsawon kunyoyin gona, kada ya gitta su, domin kunya tana iya kama tayar gaba ta kifar da jirgi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Zazzau ta arewa, musamman bayan girbi, samun fili yana da sauƙi. A kudancin Kaduna kuwa, inda ake da duwatsun Kagoro da kurmi da tsibin doya da dogayen itatuwa, dole matuƙi ya riƙa laluben inda zai sauka tun inji yana lafiya. Mutanen da jirgi ya sauka a gonarsu kuma, abin da ake bukata daga gare su shi ne su taimaki waɗanda ke ciki, su nisanta wuta da taba saboda mai, kada kuma su ɗauki ko ƙusa ɗaya, don masu bincike da tarkacen suke karanta abin da ya faru.

Yanayin Ƙasarmu

Yanayi ma yana da nasa hannu. Filin Zariya yana kimanin mita 660 sama da teku. A lokacin bazara, sa'ad da zafi kan kusanci digiri 40, iska takan yi sako-sako har jirgi ya riƙa aiki kamar yana filin da ke mita 1,600 sama da teku. Sakamakon haka jirgi kan taɓa ƙasa da gudun da ya fi na kullum, ya ci titi mai tsawo, in kuma aka ba shi wuta don ya sake hawa sai ya yi nawa. Da tsakar rana ƙasa mai zafi tana tura iska sama, jirgi ya yi ta girgiza, ga kuma guguwa da ke tasowa ba sallama. Wannan ne ya sa aka fi sakin sabon ɗalibi shi kaɗai da sassafe.

Da farkon damina hadari kan taso da iska mai ƙarfi wadda ke riga ruwa isowa, ta juya alkibla cikin mintoci kaɗan. Da hunturu kuma hazo ne ke rufe gari. Mai koyo da ido yake tuƙi, ƙa'ida kuma ta nemi ya iya hangen kimanin kilomita 5, alhali hazo kan rage gani ya koma ƙasa da kilomita ɗaya. Sai a ajiye jirage kwana da kwanaki. Ɗalibin da ya yi makonni bai tashi ba, hannunsa da idonsa kan yi sanyi, ko da karatun yana nan a kansa.

Fasa Sauka

Idan mai karatu ya sake duba ire-iren hatsarin da na lissafa, zai ga cewa in ban da saukar dole, kusan dukkansu suna da magani ɗaya, kuma maganin yana hannun ɗalibi tun ranar farko. Shi ne fasa sauka. Matuƙi ya tura totur har ƙarshe, ya danna fedar dama don ya tare jan da farfela ke yi wa yawancin ƙananan jirage zuwa hagu, ya daidaita hanci, ya mayar da leɓen fiffike kaɗan-kaɗan, ya hau sama ya sake zagayowa. Ba ya bukatar izinin kowa. Sai ya gama kama jirginsa sannan ya sanar da hasumiya, domin tsarin da ake koya wa matuƙa shi ne tuƙi tukuna, sannan hanya, sannan magana. Abin da zai yi hasara bai wuce minti shida ko bakwai da ɗan mai ba.

To, me ke hana ɗalibi yin abu mai sauƙi haka? A ganina dalilan ba na inji ba ne. Akwai kunya, don abokan karatu suna kallo, yana kuma gudun malami ya ce bai iya ba. Akwai tunanin kuɗi, don kowace awa a sama tsada gare ta. Sannan akwai halin ɗan'adam na son ƙarasa abin da ya fara: titi ga shi nan a gabansa, ya rage ƙiris, sai ya ce bari dai in lallaɓa. Saboda haka makarantu da yawa kan sa wa ɗalibi iyaka, alal misali in ya sauko zuwa mita 100 bai daidaita gudu da layi da gangara ba, to ya fasa, ba shawara. Haka kuma in ya yi tsalle mai ƙarfi sau ɗaya, kada ya jira na biyu.

Lokacin yanke shawarar ma yana da muhimmanci. Wani rahoto na daban kan jirgin Tampico na Zariya ya ɗora alhakin hatsari a kan jinkirin yanke shawarar fasa sauka, har sai da jirgi ya riga ya taɓa ƙasa, ya kuma ambaci yawan katsewar horon ɗalibin. Masu iya magana sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Malamin kirki yakan yaba wa ɗalibin da ya fasa sauka a kan kari, domin ɗalibin da aka yi wa dariya sau ɗaya a kan haka, gobe zai danne jirgi a ƙasa ko ta halin ƙaƙa.

Matsayin Harshe

Da Ingilishi matuƙi ke magana da hasumiya, amma wani taƙaitaccen Ingilishi ne mai ƙayyadaddun kalmomi, kowace da ma'ana ɗaya tak. Duk muhimmin umurnin da hasumiya ta bayar, sai matuƙi ya maimaita shi don a tabbatar ya ji daidai. An tsaurara wannan tsari ne bayan hatsarin tsibirin Tenerife na ranar 27 ga Maris, 1977, inda manyan jirage biyu suka yi karo a kan titi, mutum 583 suka rasu, rashin fahimtar magana na daga cikin dalilai. Tun daga 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su kai aƙalla mataki na 4 daga cikin matakai 6 na ƙwarewa a harshen. Ɗalibin da Hausa ko Tyap ko Jju ne harshensa na farko, yana ɗauke da ƙarin kaya a lokacin sauka, domin yana sauraren harshe na biyu ko na uku ta rediyo mai ƙara, hannuwansa da ƙafafunsa kuma duk suna kan aiki.

Ta ɓangaren ba da labari kuma, dokar binciken hatsari ta ICAO ta raba abin da ke samun jirgi gida uku. Akwai wanda aka rasa rai ko aka ji mummunan rauni ko jirgi ya lalace sosai. Akwai wanda bai kai haka ba amma ya kusa. Akwai kuma ƙaramar matsala da ta shafi lafiyar tafiya. Ina ba da shawarar mu kira na farko hatsari, na biyu saura-ƙiris, na uku tangarɗa. Mu kuma lura da ƙugiya wajen rubutu, domin haɗari dabam, hadari dabam, kuma a labarin jirgin sama duka biyun suna iya zuwa a jumla ɗaya.

Har ila yau, dokar ta bayyana cewa manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba neman mai laifi ba. A Nijeriya hukumar AIB ce ta riƙa wannan aiki bisa dokar 2006, kafin dokar 2022 ta maye gurbinta da NSIB, wadda aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Mai fassarar da ya ɗauki "dalilin hatsari" ya mayar da shi "laifin ɗalibi" ya sauya ma'anar rahoton, ya kuma ƙara wa ɗaliban da ke saurare irin kunyar nan da ke hana su fasa sauka.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa sauka tana wahalar da mai koyo ne saboda tana neman ya kai jirgi bakin iyakarsa a dab da ƙasa, ya kuma saɓa wa abin da zuciyarsa da sabonsa na mota ke gaya masa. Ta kawo ire-iren hatsari bakwai da misalansu daga Zariya da Kaduna da Ilorin, ta kuma nuna cewa fasa sauka a kan kari shi ne babban rigakafi.

Sunayen da na raɗa, irin su yankewar ɗauka da leɓen fiffike da taɓa-ka-tashi da saura-ƙiris, shawara ce na gabatar, ƙofa kuma a buɗe take ga wanda ya sami waɗanda suka fi su. A Zariya da Kaduna da Kano akwai tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan hasumiya Hausawa da suka yi shekaru suna hira a kan aikinsu da harshen gida. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa, in ya ɗauki rakoda ya je ya zauna da su, zai dawo da kalmomin da ɗakunan labaranmu ke bukata.